Tantin Taubashina a Kan Kufai

Taubashina ya dawo daga Abijan bayan girbi da kekuna biyu da wata doguwar jaka kamar an naɗe tabarma a ciki. Ni a lokacin ina jan wata tsohuwar bashe, motar ɗaukar kaya, ina kwasar albasa daga fadamun Madawa zuwa kasuwanni. Bayana ya riga ya gaji da duniya, gwiwata ta hagu tana ƙara duk sadda na tashi daga sujada. Ban nemi yawo ba. Yawo shi ne aikina, kuma na ƙoshi da shi.

Uwarsa ƙanwar ubana ce, don haka tun muna yara ba mu taɓa gaya wa juna magana mai daɗi ba. Ni ɗan namiji ne, shi ɗan mace, duk inda munka haɗu sai na tuna mai ni ne ubangidansa. Shi kuma direban albasa yake ce mini, wai ko na yi wanka da turare sai an san abin da nake ɗauka.

Ya zo gidana bayan la'asar ya kwance jakar a tsakar gida. Ya fito da wani ƙyalle ruwan ganye da waɗansu sanduna masu lanƙwasa kamar tsumagiya, ya soka nan ya ja can, sai ga ɗan ɗaki ya tashi kamar an kife ƙwarya. Ya ce tanti ne. Matata ta leƙo daga madafa ta duba, ta ce abin zai yi kyau da ƴan tsaki, ta koma.

Daga nan ya zauna ya gaya mini abin da ya kawo shi. Tun gemunsa bai fito ba yake Abijan, ɗaki ɗaya da Adarawa ƴan uwanmu, in wannan ya koma gida wani ya zo ya maye shimfiɗarsa. Ya yi shago, ya yi arziki daidai gwargwado, amma ɗakin bai bari ba, don in ya bari za a ce ya yi girman kai. Ya ce in ka juya a ɗakin sai ka nemi gafarar mutum biyu. Abin da yake so a duniya yanzu kwana ɗaya ne, shi kaɗai, cikin tantinsa, inda ba munsharin kowa. Ya kuma zaɓi wurin. Akwai kufai bisa dutse can bayan Garhanga, inda kakanninmu sunka zauna a zamanin da mutum ke son ganin mai zuwa daga arewa tun yana nesa. Nan anka haifi uwarsa kafin gari ya sauko kwari. Ta rasu yana Abijan, sai bayan an rufe ta labari ya same shi. Kwanakin da sunka rage mai kafin ya koma ba su da yawa, kuma bai san yaushe zai sake zuwa ba.

Na ce mai a ƙasarmu ta Adar mai son kwana shi kaɗai ko mahaukaci ne ko ya saci wani abu. Ya ce zai cika mini tanki. Na yarda, ba don man ba kaɗai. Ina son in gani.

Ga yadda ya tsara tafiyar: mota ta ɗauke mu, inda tudu ya yi mai kyau mu sauke kekuna mu hau, da yamma mu kafa tanti ya gwada kwana, ni in kwana a mota. Wai kafin mu isa kufai hannunsa ya faɗa.

Kekunan ba irin na masu tallan kalanzir ba ne. Tayoyinsu kauri kamar na moto, wato babur, ƙafar gaba tana lotsawa kamar katifa, ga waɗansu maɓallai a hannu da ke sa sarƙa ta yi tsalle daga wannan haƙori zuwa wancan. Ya kawo mini wando irin nasa, baƙi, matsattse, iyakarsa cinya, wanda ko yaro ba a bari ya shiga masallaci da shi. Na ce ya ajiye abinsa, ina da surukai a hanyar nan. Na sa rigata da wandona, na ɗaure bakin wandon da roba. Hular kwanon da ya haɗo da shi dai na karɓa, mai ramuka kamar an fafe kabewa ɓera ya ci, na ɗora ta bisa hulata.

Mun wuce Buza da hantsi, munka ajiye mota gindin wani gawo, munka kama wata hanyar shanu mai hawa. Ban yi nisa ba numfashi ya ƙare mini. Na sauka ina turawa. Shi yana gaba yana murza ƙafa da sauri kamar mai ɗinki, keken kuwa yana tafiya kamar hawainiya. Ana cikin haka wani tsoho bisa jaki ya cim mana daga baya, ba ya ko dukan jakin. Ya yi sallama, ya jera da taubashina, ya leƙa ƙarƙashin sirdi, ya leƙa ta ɗaya gefen, sa'an nan ya tambaye shi ina injin. Taubashina ya ce babu inji, don motsa jini ne. Tsohon ya ƙura mai ido, ya ce ba kai ne ɗan wance ba, na Abijan? Ya ce shi ne.

A ƙasarmu kowa ya san abin da mai dawowa daga Abijan ke zuwa da shi. Moto sabuwa da leda a sirdi, kwanon rufi, farantin hasken rana, atamfa ta rabawa. Wanga ya dawo da keke, ga wandon da bai kai gwiwa ba, yana zufa bisa hanyar shanu.

Tsohon ya ja jakinsa ya jira ni. Ya sunkuyo ya rage murya.

"Yaro, lahiya dai?"

"Baba, a dai sa shi addu'a," na ce.

Ban yi ƙarya ba. Babu wanda ba ya bukatar addu'a. Ya girgiza kai ya ce Allah shi rufa asiri. Kafin mu kai kan tudun na waiwaya na ga ya tsayar da jaki, ya zaro salula daga aljihun gaba yana neman lamba da ɗan yatsa ɗaya.

Da yamma, bayan mun koma mun ɗauki mota, taubashina ya zaɓi wata gona da anka girbe, nesa da gari, ya share karan gero ya kafa tantinsa. Ya hura wata katifar iska, ya shimfiɗa buhun barci, wani abu mai zik da mutum ke shiga sai fuska a waje. Na ce mai in ya mutu a ciki ya rage mana aikin likkafani. Ya kunna risho ya ɗora ruwa, ya buɗe gwangwanin sardin. Fuskarsa kamar ta ango.

Mun sallame magariba ke nan sai ga mutane huɗu ko biyar tafe ta cikin kara. Na gaba shi ne mai gonar, kuma da anka bi dangi sai ga shi ƙanen mijin wata ƴar baffana ne. Ya ce baƙo a gonarsa, bisa ƙasa, kamar garin ba mutane, gobe da wane ido zai shiga kasuwa? Taubashina ya yi bayani da Hausa, ya ƙara da Faransanci, ya ce son ransa ne. Sunka ce sun sani, sun gane, ba sai ya ce komi ba. Yana cikin magana biyu daga cikinsu sunka ɗaga tantin ɗungum, yadda ake ɗaukar jinka, sunka nufi gari da shi.

An yanka mana zabo. An kawo tuwon gero da miyar kuka da man shanu yana yawo a kai. Na ci har na sassauta tazugen wando. Abin da na lura, shi kuwa bai lura ba, babu wanda ya tambaye shi labarin Abijan. Wanda ya dawo daga can ba a barinsa ya haɗiye loma sai ya faɗi lafiyar ɗan wane da ɗan wance. Ran nan kowa labarin mutanen da sunka rasa komi yake yi, yadda Allah ya mayar masu da ninki. An shimfiɗa mai tabarma a zaure, ƙannen mai gida uku sunka kwaso nasu sunka kewaye shi, wai kada a bar shi da tunani. Ni anka ba ni ɗaki da gado.

Da safe munka tarar da damin gero a bayan bashe, an jingina shi da kekuna. Taubashina ya ce ka ga karamcin mutanenmu, abin da babu a birni ke nan. Na ce ƙwarai.

Rana ta biyu wajen Tabotaki ne na ci ƙasa. Hawan bai dame ni ba don turawa na yi, gangaren ne. Duwatsun wurin baƙaƙe ne masu santsi, suna gudu ƙarƙashin taya. Ya ce mini kada in damƙe birkin gaba shi kaɗai. Ni da na yi rabin rayuwata ina taka birki da ƙafa, ina na san wane hannu ne gaba? Keken ya tsaya cak, ni ban tsaya ba. Na tashi sama na sauka cikin ƙarangiya, rigata ta rufe mini kai. Ya dawo yana dariya har yana riƙe ciki, ya ce yau ubangida ya yi wa bawansa sujada. Ya ɗauki hotona kafin ya miƙo hannu. Mun ɓata sauran hantsin muna cire ƙarangiya daga wandona da tsidau daga tayoyi, muna liƙa faci gindin aduwa. A raina na ce addu'ar da na roƙa mai ba ta isa ba, sai an ƙara.

Ba sai na ƙara ba ma. Labari ya riga mu isa, kuma ya yi ƙiba a hanya. Da yamma ya ɓoye tantin cikin wata busasshiyar ƙorama inda ko hayaƙi ba a hangowa, ya hana ni kunna fitilar mota. Wani mai raƙuma da ke komawa gida ya bi sawun taya ya same mu. Ya yi sallama, ya wuce. Kafin ruwan shayi ya tafasa ga ɗan aiken maigari. Maigari ya ce a zamanin nan ba a barin wanda ba a sani ba ya kwana a daji, wanda anka sani kuwa ya fi ƙarfin haka. A garin nan shagon taubashina ya riga ya ƙone ƙurmus, har an san da dare wutar ta tashi. Liman ya zo da kansa ya zauna kusa da shi, ya yi ta ba shi haƙuri a kaikaice, ya ce dukiya aro ce.

A nan ne ya fara shinshino wani abu. Ya zaro salula ya nuna masu hoton shagonsa cike da kaya. Sunka karɓa hannu zuwa hannu suna cewa Allahu akbar, ashe haka yake kafin abin ya faru. Ya ce masu keken nan da suke gani ya fi moto tsada. Wani dattijo ya share ido da bakin rawani. A ganinsu bayan gobara har an cuce shi, ko kuma abin ya fara taɓa kai.

Da safe dammai sun zama uku, ga ɗan buhun wake. Muna fita gari ya ce in tsaya. Na tsaya.

"Kai, direban albasa. Mi kac ce ma tsohon nan mai jaki?"

"Addu'a na roƙa maka."

"Ita kaɗai?"

"Ita kaɗai. Ka ga kuwa an karɓa, dubi bayan mota."

Ya juyo ya fuskance ni. Na zaci zai zage ni, na shirya ramawa. Sai ya ce, a hankali, yau ce ta ƙarshe, gobe sai ya kama hanya, in na ɓata mai yau ba zai yafe ba ko a lahira. Bai yi dariya ba. Na tada mota.

Saboda haka ba mu shiga garinmu na asali ba, wanda ke kwari a gindin dutsen, inda Gwaggo take. Ita kaɗai ta rage cikin ɗakinsu ubana, autarsu ce, ni gwaggota, shi innarsa. Wuce ƙofarta ba gaisuwa babban laifi ne, mun sani, munka ce ma gaishe ta gobe. Mun zagaya ta bayan dutse, munka ɓoye bashe a wani lungu, munka ɗaure kaya a baya munka kama hawa.

Gaskiya ɗaya zan faɗa, mutumin ya iya abin nan. Inda ni nake ɗaukar keke a kafaɗa ina tsine wa wanda ya ƙera shi, shi yana miƙe bisa feda yana bi tsakanin duwatsu, ya tsallake jerin duwatsun da anka shimfiɗa don tare ruwa, ya tsaya can sama yana jirana, tumbinsa na hawa da sauka. Ban gaya mai ba.

Saman fako ne shimfiɗaɗɗe, iska na kaɗawa ba abin da ke tare ta. Ba gini ko ɗaya, sai zagayen duwatsu nan da can inda ɗakuna sunka taɓa zama, da fasassun tukwane, da wani dutsen niƙa da ya lotsa a tsakiya. Daga baki kana hango kwari duka, rumbunan ƙasa na garinmu tsaye kamar manyan tuluna, da hanyar Keita ta miƙe ja wur can nesa. Ya yi ta zagayawa yana duba zagayen duwatsun. Bai san wane zagaye ne na kakarmu ba, ni ma ban sani ba. Daga ƙarshe ya zaɓi wani fili da ya fi ko'ina laushi da daidaito, ya kafa tanti. Mun shirya zan sha shayi in sauka in kwana a mota, in bar shi.

Ina zuba na biyu ke nan na hango su. Ta gaban dutsen, ta tsohuwar hanyar da mata ke hawowa da ruwa a da, layi guda kamar tururuwa. Jaki a gaba, wata ƴar ƙaramar tsohuwa a kai an riƙe ta hagu da dama. Bayanta mata da tukwane a ka, maza da tabarmi, wani na jan akuya. Na rantse mai ba ni ba ne, kuma wannan karon da gaske. Wani mai kiwo ne ya ga mota.

Anka sauke Gwaggo. Ba ta kai kafaɗata ba, haƙoranta sun tafi sun bar harshen, shi kuwa ko tsatsa bai yi ba. Munka durƙusa. Ba ta amsa gaisuwa ba.

"Kai yaron ga. Uwarka ta mutu, ni ban mutu ba. Ka rasa dukiya sai ka haye dutse kamar bunsuru, ka wuce ƙohwata?"

"Inna, wallahi ban rasa komi ba."

"Rufe mini baki. Ina sauran wandonka?"

Mata sunka juya baya suna dariya cikin mayafi. Ta juyo kaina ta ce ni kuma babban banza, da furfurata, ina kallo ɗan uwana zai kwana a kufai kamar mujiya. Na ce Gwaggo ni direba ne, inda anka ce in tsaya nan nake tsayawa. Ta ce tunda ya ƙi zuwa gida, ga gida ya zo. Anka hura wuta wuri uku. Anka miƙa mai igiyar akuyar, ta ce ta fara mai jari, kada ya sayar sai ta haihu.

Sa'an nan ta dogara sanda ta je ta zagaya tantin. Ta tambaye shi wa ya ce ya kafa ɗakinsa a nan. Ya ce wurin ne ya fi kyau. Ta ce dole ya yi kyau, nan kakanku ke ɗaure jakai, su sunka daddaɓe shi. Na yi dariya har shayi ya fito mini ta hanci.

Ta kama hannunsa ta ja shi can gefe, kusa da bakin dutse, wani ƙaramin zagaye da rabinsa ya watse, ƙasan duk tsakuwa. Ta ce nan ne ɗakin. Ta nuna inda ƙofa take, da inda gadon kara yake. Ta taka ɗan gaba ta buga sanda a ƙasa ta ce nan anka binne cibiyar uwarsa. Ta ce yayarta tun tana ƙarama ba ta iya zama ita kaɗai, ko bayan ɗaki za ta sai ta ja wani ya raka ta yana mata hira, ba ta san inda ya gado wannan baƙin hali ba. Ya durƙusa a wurin ya daɗe. Na koma wajen shayina.

Bayan isha'i iska ta yi sanyi. Sai maganar wa zai shiga tanti, ita kuwa ba magana ba ce, ga tsohuwa a wuri. Gwaggo ta rarrafa ta shige, ta danna katifar iska da hannu ta ce wannan abu da hankali, ta kira wata tsohuwa ƙawarta ta bi ta. Ta sa ya nuna mata yadda ake jan zik. Ta ja ta rufe, daga ciki ta ci gaba da ba da umarni, wa zai kwanta ina, a ɗaure akuya nesa da wake. Taubashina ya ja buhun barcinsa zuwa zagayen uwarsa ya shiga. Maza sunka shimfiɗa tabarmi dama da hagu da wajen ƙafafunsa. Na damansa wani ɗan baffana ne da anka sani da munshari har ƙauyukan maƙwabta. Abin da ya faru bayan nan ban sani ba, na yi barci mai daɗi.

Da asuba bayan mun yi sallah na gan shi zaune bisa dutse, buhun har yanzu a kafaɗarsa, ido ya faɗa. Bai zage ni ba, abin da ya dame ni ke nan. Taubashin da ya daina zaginka ba lafiya ba. Na je bakin tanti na tsuguna, na yi sallama. Zik ya buɗe kaɗan, ido ɗaya ya leƙo.

"Gwaggo, mutumin nan bai rasa komi ba. Shagonshi na nan. So yake a bar shi shi kaɗai nan wurin, ko na ɗan lokaci."

"Ka ɗauka ni jakar kakanka ce? Tun jiya na ga wuyanshi. Wanda gobara ta ci ba ya aje wuya haka."

Na ce to me ya sa ta kwaso gari? Ta ce shekara nawa tana roƙon a hau da ita ta ga ɗakin uwarta kafin ta mutu, kowa na cewa ƙafarta ba ta iyawa, jaki zai kashe ta. Jiya da anka ce ɗan yayarta na bisa zai hallaka kansa, ga shi sun ɗauko ta da gudu. Ta ce in ja bakina in yi shiru, in miƙo mata butarta.

Rana na fitowa ta tashi kowa. Ta ce a kwashe, a sauka, yaron yana da magana da uwarsa, wanda ya waiwaya sai ta saɓa mai. Ta sa anka naɗe tantin, da katifar, anka ɗaure bayan jakinta. Taubashina ya buɗe baki, ta ce sauro na damunta da bazara, ya rufe. Akuya kuwa ta ce kyauta ba ta komawa, in sauka da ita mota. Na ja akuya da hannu ɗaya, keke da ɗaya, na bi bayan dutse, su sunka bi gaba. Na waiwaya sau ɗaya duk da gargaɗin Gwaggo. Yana tsaye shi kaɗai a tsakiyar fako da ɗan wandonsa, ba tanti, ba kowa. Abin da ya zo nema daga Abijan ke nan, sai dai da rana ya samu.

Na isa mota, na ɗora keke, na yi kokawa da akuya na ɗaga ta, ta fara cin damin gero, na sake ɗaure ta ta wani gefen. Na hura gawayi na ɗora buta, na ce yau sai azahar, ko la'asar. Na gyara kwali a inuwa zan miƙe bayana.

Shayin farko bai nuna ba na ji tsakuwa na zubowa. Na ɗaga kai. Ga shi nan tafe bisa keke, yana gangarowa ta inda ni da ƙafa ma sai da na ja gindi, ya tsugunna bayan sirdi, ƙura na binsa. Ya ja birki gabana.

"Mi ya hwaru? Kunama?"

"Babu. Wurin ya cika shiru."

Ya ce ya yi mata addu'a, ya zauna, ya gaya mata abin da zai gaya mata. Daga nan sai ya ji kunnensa na ƙara. Ya yi tari don ya ji motsin mutum. Wani ƙadangare ya fito bisa dutse, sai ya ji kansa yana tambayarsa ina kwana. A nan ya ce ya isa.

Idonsa ja wur. Ya ce iska ce. Aljihun bayan rigarsa ya yi nauyi, na ga bakin wani guntun tukunya ya leƙo. A kan idon ban ce komi ba, a kan guntun tukunyar ma haka. A kan ƙadangaren kuwa ban bar shi ya huta ba har Madawa, na kuma tsaya a garinmu na ba Gwaggo labari tun kafin ya gama gaishe ta. Ta ce ai ta faɗa, ɗan uwarsa ne.

Gero da wake ba su shiga motar Abijan, don haka gidana sunka sauka. Mun ci har ruwa ya faɗi. Keke ɗaya ya bar mini, yana rataye a zaure, kaji na kwana a kai. Tantin yana tsakar gidan Gwaggo gindin darbejiya, an yi mai faci da buhun siminti inda ɗan akuya ya tauna, ba ta yarda kowa ya taɓa zik ɗin sai ita. A garuruwan nan biyu har yau in na tsaya da albasa sai an ja ni gefe a tambaye ni ko mutumin ya farfaɗo. Ina ce masu da sauƙi, a ci gaba da addu'a.

Kwanan baya ya kira ni bayan isha'i yana tambayar akuyarsa. Na ce ta haifi biyu, kuma duka nawa ne, abin bawa na ubangidansa ne. Ya fara zagina da ƙarfi, tun daga albasa har faɗuwata cikin ƙarangiya. Sai na ji wani a bayansa yana cewa ya rage murya, mutane na barci.